Hakkin Maƙwabcin Daji a Kuɗin Baƙon da Ya Zo Kallon Giwa

Duk baƙon da ya sauka a filin jirgin saman Kwatano da niyyar ganin giwayen gandun dajin Penjari na arewacin Benin, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 600 zuwa Tangiyeta, ya ratsa Bohikon da Dasa da Jugu da Natitingu. Mutanen unguwar Zongo ta Kwatano sun san hanyoyin arewa ciki da bai, domin ta nan raguna da shanu da albasa suke gangarowa bakin teku, ta nan kuma ake komawa ganin gida. Saboda haka sana'ar ƙananan masaukan baƙi a bakin daji, wato 'yan tantuna da bukkoki masu arha, da motar kai mutane kallon namun daji, da ɗan jagora, da mai dafa abinci, sana'a ce da ta shafi mai jari a Zongo, ko ya taɓa ganin zaki ko bai taɓa ba. Shi ke da mota, shi ke da direba, shi ya gaji saukar baƙo kaka da kakanni. Tambayar da ya wajaba ya yi wa kansa kafin ya zuba ko sefa ɗaya ita ce matsayin mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka da dajin a cikin ribar da zai samu. Abin da aka saba ji shi ne kamfani ya taimaka wa ƙauye, ya haƙa rijiya, ya gina aji, aka ɗauki hoto. A ganina, kiran abin da sunan taimako shi ya karkatar da hukuncin tun daga tushe. Rabon maƙwabcin daji hakki ne da ke wuyan mai sana'ar, daidai da kuɗin hayar shago da ladan ma'aikaci, kuma ribar da ba a cire shi daga cikinta ba tana da shubuha, ko da an yi sadaka da rabinta daga baya.

Kafin a kai ga hujjar addini, ya kamata a san yadda dajin ya zama abin da baƙo ke biyan kuɗi ya gani. Turawan mulkin mallaka na Faransa ne suka killace Penjari a 1954, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1961, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1986, sannan a 2017 aka haɗa shi da gandun Arli na Burkina Faso da gandun W, wanda Benin da Nijar da Burkina suka yi tarayya a kansa, aka shigar da su cikin kayan gadon duniya. Dalili a bayyane yake. A nan garken giwaye mafi girma na Afirka ta Yamma ya rage, kuma binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakokin yankinmu gaba ɗaya ba su fi 400 da 'yan kai ba, kusan kashi 90 cikin ɗari nasu suna cikin waɗannan dazuzzuka uku. Sai dai ƙasar ba kufai ba ce ranar da aka ja mata iyaka. Berbawa da Gurmawa da Wama suna noma a cikinta, suna farauta, suna su a tafkunanta, suna da wuraren al'adunsu, Fulani kuma suna ratsa ta da shanu. An tashi wasu ƙauyuka, aka jera jama'a a gefen hanyar Tangiyeta zuwa Batiya da ta Tangiyeta zuwa Porga, aka bar musu siririn fili su noma tsakanin duwatsun Atakora da iyakar gandu. Shirun da baƙo ke yabawa idan ya kwana a tanti yana jin gurnanin zaki daga nesa, wasu mutane ne suka biya kuɗinsa da gonakin iyayensu, kuma jikokinsu suna nan a raye.

Musulunci ya san killace ƙasa, kuma ya yi mata ƙa'ida. A zamanin jahiliyya, mai ƙarfi a cikin Larabawa kan hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, iyakar inda aka jiyo haushin ya zama makiyayarsa shi kaɗai, alhali yana ci gaba da kiwo tare da jama'a a sauran fili. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rushe wannan, ya mai da ikon keɓe hurumi ga Allah da Manzonsa, malamai kuma suka fahimci cewa shugaba yana iya keɓewa bayansa matuƙar amfanin na jama'a ne. Shi da kansa ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi. A wani hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane suka yi tarayya a kansu. Idan aka haɗa waɗannan biyu, asalin hukuncin ya fito: fili da ruwan daji na kowa ne, hana mutane shiga kuwa togiya ce da sai an kawo mata dalili. Malamanmu na Sakkwato ba su bar wannan babi ba, domin Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi guda a kan hukuncin ƙasar da ba a raya ba da hanyoyin da mutum ke mallakarta. Kare giwa da zaki daga ƙarewa dalili ne mai ƙarfi, tunda Alƙur'ani a Suratul An'am ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irinmu. To amma ingancin dalili ba ya shafe hakkin wanda aka hana.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a wasiyyar da Sayyidina Umar ya yi wa bawansa Hunayyu lokacin da ya ɗora shi a kan hurumin da ya keɓe, kamar yadda ta zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Bukhari. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga su yi kiwo, ya tare garkunan attajirai irin su Ibn Aufu da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa sai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa. Ya kuma amsa da bakinsa cewa mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, tunda ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi kafin Musulunci, a kanta suka musulunta, kuma ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba da bai killace ko taƙi ɗaya ba. Abubuwa uku ne a nan. Halifa bai musanta cewa ƙasar ta mutanen ce ba. Ya ɗauki asararsu a matsayin nauyin da zai dawo kan baitulmali. Ya kuma buɗe ƙofa ga ƙarami, ya rufe ta ga babba. Yawancin gandun dajin zamaninmu sun kifa wannan tsari: attajirin da ya zo daga Turai da kyamara ko bindiga ya shiga, mai akuya biyar da aka haifa a gindin dutsen ya tsaya a waje.

Wani zai ce mai masauki ba shi ya killace dajin ba, gwamnati ce, shi ɗan kasuwa ne kawai. Gaskiya ne, amma hajar da yake sayarwa daga killacewar ta fito. Babu mai biyan kuɗi ya kwana a tanti a fili fetal. Abin da ya jawo shi ɓauna ce da gwanki da dorina da giwa. A fiƙihu akwai ƙa'idar da Annabi ya kafa, cewa amfanin abu yana bin wanda ke ɗauke da lamuninsa, wato wanda asara za ta faɗa wa shi ya cancanci riba. A duba su waye ke ɗauke da asarar namun daji. Manomin da giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya, da wanda birai suka cinye masa masara, da makiyayin da zaki ko kura suka kashe masa saniya, da matar da aka hana ta itacen girki da ciyawar jinka. Har ran mutum yana cikin lissafin. Ranar 1 ga Mayu 2019 aka sace Faransawa biyu a Penjari, aka kashe jagoransu ɗan Benin, Fiacre Gbédji. Ranar 9 ga Agusta 2020, a Kure ta Nijar, aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji tare da direbansu da shugaban ƙungiyar jagororin wurin, Kadri Abdu. Baƙon da ya ji labari sai ya soke tafiya, mai jari ya juya motarsa zuwa wata sana'a, ɗan ƙauye kuwa ba shi da wurin zuwa. Idan bayan wannan duka ribar ta ƙare a aljihun mai mota da mai otal, to an maimaita abin da Hausawa suka daɗe da ƙyamata: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jamhuriyar Benin ta ɗan taɓa gane haka, kuma abin da ta gwada ya isa a yi nazari a kansa. Tun cikin shekarun 1990 aka kafa ƙungiyoyin ƙauyuka da ake kira AVIGREF a kewayen Penjari da W, aka ba su kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da ake samu daga farautar baƙi, da naman dabbobin da aka harba, su kuma suna ba da 'yan rakiya wajen sintiri. A ƙauyen Tanongu na Gurmawa, kusa da ƙofar Batiya, inda ruwa ke kwararowa daga dutse, ƙungiyar Eco-Benin ta taimaka aka tsara saukar baƙi a gidajen mutanen gari, matasa suna jagora, mata suna girki, ana ware wani kaso domin asusun ƙauye. An yi irin haka a Kusukwangu, inda baƙo ke kwana a gidajen ƙasa masu bene na mutanen Atakora. A nan fifikon masauki mai arha yake. Babban otal yana shigo da abincinsa da ma'aikatansa da kayan ɗakinsa daga Kwatano ko daga waje, kuɗin ma sau da yawa tun a Turai ake biya. Kampama kuwa, wato ƙaramin masauki mai bukkoki goma, a kasuwar ƙauye take sayen zabi da doya, maginin gari ke yi mata yaɓe, ɗan acaɓan gari ke ɗauko mata baƙo. Sannan ita ce ɗalibi da malamin makaranta da ƙaramin ɗan kasuwa na ƙasar za su iya biya. Dajin da 'yan ƙasa ba su taɓa gani ba, ba za su tashi kare shi ba ranar da ya shiga haɗari.

Akwai shaida cewa idan maƙwabci ya ga amfaninsa, dabba tana rayuwa. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, su ne na ƙarshe irinsu a Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage. Ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin Zabarmawa suke yawo, suna cin wake da mangwaron mutane. Da hukuma ta tsaurara hana farautarsu, aka kafa ƙungiyar jagorori daga 'yan ƙauyukan, aka shigo da ƙananan basussuka da rijiyoyi da sunan raƙuman, sai adadinsu ya haura 600 cikin shekaru ashirin da 'yan kai. A Namibiya, dokar 1996 ta ba al'ummomin karkara ikon kafa hukumomin kula da namun dajinsu da cin moriyar baƙi, yanzu akwai irinsu fiye da 80, da yawansu suna da sansanonin kwana na kansu ko yarjejeniya da masu otal. Ba a kawo waɗannan misalai don a ce adalci yana jiran riba ta tabbatar da shi ba. Da a ce zalunci ya fi kawo kuɗi, da hukuncinsa bai sauya ba. An kawo su ne saboda mai tsoron cewa fitar da hakkin mutane zai karya masa jari ya ga akasin abin da yake tsoro.

Suka ta farko a kan wannan ra'ayi daga masallaci take fitowa, kuma ta cancanci amsa cikin ladabi. Ana cewa yawon buɗe ido wasa ne da ɓata dukiya, yana jawo giya da tsiraici da lalata tarbiyyar yara, don haka bai kamata Musulmi ya sa hannu ba, balle a tsaya rabon ribarsa. Ba a musun cewa an ga wannan ɓarna a wasu garuruwan bakin teku. Amma ita kanta tafiya domin kallon halittar Allah, Alƙur'ani ya yi umarni da ita a wurare da dama, har a Suratul Ankabut aka haɗa ta da lura da yadda aka fari halitta. Wanda ya tsaya gaban giwa ya ga ƙanƙantar kansa ya samu wa'azin da ba kowane mai wa'azi ke iya yi masa ba. Ɓarnar da ake tsoro tana zuwa ne ta hanyar yadda aka tsara sana'ar, kuma wannan hujja ce a kan a ba mutanen gari iko. Inda ƙauye ke da murya, shi ke faɗin irin shigar da ya yarda da ita, da wurin da ba a ɗaukar hoto, da cewa ba a raba wa yara kuɗi a hanya har su bar makaranta su koma bara. Inda ba shi da murya, sai abin da mai kuɗi ya ga dama. Musulmin da ya janye hannunsa bai hana sana'ar gudana ba, ya dai bar ta ga wanda ba ruwansa da waɗannan iyakoki. Abin da ke kansa shi ne kada ya sayar da abin da aka haramta masa, ko da hakan ya rage masa ciniki.

Suka ta biyu ta fi taushi. Baƙo hakki gare shi, an ce a karrama shi kwana uku, to yaya za a mai da karamci haja, a koya wa mutanen karkara su riƙa kallon baƙo da idon ciniki? Tarihin Zongo kansa ya amsa wannan. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja ta ƙasar Bargu suke bi, suna yada zango a Nikki da Paraku da Jugu kafin su kai Salaga. A 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da ayarinsu a Kayama, mutum fiye da 1,000. Ayari irin wannan ba ya rayuwa da kyauta. Madugu yana biyan kuɗin wucewa ga sarakunan ƙasar, matan gari suna sayar da abinci, maigida yana saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa lamuni, ya karɓi la'adarsa. Malamai suna cikin ayarin, ba su ga haramci a nan ba, domin hayar ɗaki da ladan aiki halal ne, liyafar da aka wajabta kuwa ta matafiyin da ya rasa wurin kwana ce. Darasin da ya fi muhimmanci shi ne fatake sun san ƙasar da suke ratsawa tana da masu ita. Ba su kira abin da suke ba masu ƙasa sadaka ba, cikin kuɗin tafiya suke lissafa shi tun kafin a ɗaura wa jaki kaya. Jikan madugu da ya kafa tanti a bakin Penjari ya fi kowa cancantar ya gane wannan lissafi.

Suka ta uku ta 'yan kasuwa ce. Mai jari zai ce ya biya haraji, ya karɓi lasisi, baƙonsa ya biya kuɗin shiga a ƙofa, saura kuma tsakanin gwamnati ne da talakawanta. Akwai gaskiya a ciki, domin nauyin farko a wuyan hukuma yake. Tun 2017 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta damƙa gudanar da Penjari ga ƙungiyar African Parks, ta ƙara mata ɓangaren Benin na W a 2020, su ke da alhakin biyan diyyar ɓarnar dabbobi da buɗe hanyoyin cin moriya. Amma lasisi izinin hukuma ne, ba ya wanke mutum daga hakkin maƙwabtaka. Annabi ya faɗi cewa Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma babu wanda ya ce biyan haraji yana sauke wannan. Bayan haka, akwai abubuwan da mai masauki ke ɗiba kai tsaye daga ƙauye ba ta hannun gwamnati ba: filin da ya kafa tanti, ruwan rijiyar da baƙinsa ke wanka da shi a tsakiyar rani, itacen da ake hura wa baƙi wuta da dare, rawar gargajiya da fuskokin mutane da yake tallata sana'arsa da su a intanet. Kowane ɗaya yana da mai shi. Fiƙihu yana da ƙofofin shigar da su cikin ciniki a fili: haya, da tarayya inda ƙauye ya sa fili mai jari ya sa gini, da ƙiradi inda jari na wani aiki na wani, riba kuma a raba bisa kason da aka ambata tun farko.

Suka ta huɗu ita ce mafi nauyi, domin daga abin da ake gani ta fito. An ce kuɗin al'umma ba ya kai wa al'umma, mai gari da 'yan kwamiti ne ke cinyewa, mata da baƙin haure da marasa dangi ba sa ganin komai. Wannan yana faruwa, a Afirka da wajenta. Amma cin amanar wakili ba ya soke bashin da ake bin mutum, yana dai wajabta masa ya kula da hannun da yake miƙa wa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta kason, a karanta lissafi a bainar jama'a da harshen da suke ji, a biya mai girki da jagora a hannunsu, a sa mata cikin masu riƙe asusu. Akwai kuma wata matsala a tsarin AVIGREF da bai kamata a rufe ido a kanta ba: rabon ya dogara ne a kan farautar nishaɗi, wadda Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake karantawa a zaurukanmu, ta sanya cikin makaruhi. Rataye abincin talaka a kan harsashin mai neman ƙahon ado abu ne mai rauni ta fuskar addini da ta kasuwa. Masaukin masu kallo da ido ya fi tsabta, domin zaki ɗaya zai iya kawo baƙi shekara goma yana raye.

Akwai mutanen da kalmar al'umma kan tsallake, su ne makiyaya. Ba su da ƙauye tsayayye da za a gina wa aji, amma su suka fi kowa asarar ciyawa da mashaya, kuma su ne ainihin waɗanda Sayyidina Umar ya ce a buɗe wa ƙofa. Tsarin rabo da bai tanadi burtali da mashaya da wurin kiwon rani ba ya bar babban mai hakki a waje. Sakamakon yana gaban idonmu. A Fabrairun 2022 nakiyoyi suka kashe mutum 9 a gandun W, cikinsu har da masu gadin daji. A Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da kashe sojoji 54 a yankin. Baƙi sun ɗauke ƙafa, ƙasashen Turai suna gargaɗin mutanensu kada su je, jagorori da masu girki sun koma zaman jira. Jinin da 'yan bindiga suka zubar yana wuyansu, babu wani ƙorafin fili da zai halatta shi. Sai dai masu bincike, ciki har da ƙungiyar International Crisis Group a rahotonta na 2023 kan gandun W, sun nuna yadda waɗannan ƙungiyoyi ke neman shiga zukatan mutane ta hanyar alƙawarin buɗe musu dajin da aka hana su. Wanda ya ce a bari tsaro ya dawo kafin a yi maganar rabo ya sa keke a gaban doki ta fuskar dalili, domin mutumin da ke cin abinci daga daji shi ke fara kai rahoton baƙuwar fuska.

Ita ma arha tana da nata haɗari, kuma nan ne ƙaramin mai jari ya fi saurin zamewa. Idan farashi ya sauka, sai a tambaya daga jikin wa aka yanko ragin. Idan daga rashin na'urar sanyaya ɗaki ne da tafkin wanka, madalla. Idan kuwa daga jagoran da ba shi da albashi ne sai abin da baƙo ya ga dama ya miƙa masa, ko yarinyar da ke ɗebo ruwa tun asuba a kan abin da bai kai kuɗin sabulu ba, ko direban da ake tura wa hanya mai haɗari ba tare da an yi wa iyalinsa wani tanadi ba, to an sayar wa baƙo da gumin talaka a kan rangwame. Hadisin Ibn Majah ya yi umarnin a biya ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe, Bukhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya ci aikin ma'aikaci ya hana shi lada yana cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar alƙiyama. Sana'ar daji ta lokaci ce, daga wajen Disamba zuwa Mayu take ci, damina ta tsaya. Mai adalci yana sanya watannin zaman banza cikin lissafinsa, kamar yadda yake sanya gyaran mota.

Ko da arewa ta yi wuyar shiga a yanzu, hukuncin bai tafi hutu ba, domin sana'ar ta karkato kudu, kusa da Zongo. Ga Ganbiye a kan tafkin Nokuwe, ga Posotome a bakin tafkin Aheme, ga mashigar kogin Mono kusa da Gran-Popo, ga kwarin Sitatunga a Zinbiye, wanda al'ummomin wurin suke da hannu a kula da shi. A waɗannan wurare akwai masunta da manoma da matan da ke dafa gishiri, waɗanda ruwansu da filinsu ne abin kallon. Kirana ga attajiran Zongo da direbobinta da matasanta masu neman abin yi shi ne su shiga wannan sana'a, su shiga da sharaɗi. Kafin a kafa tanti a zauna da masu ƙasa, har da mata da makiyaya, a ambaci kason kowa, a rubuta, a kafa shaidu, a biya shi kafin a ƙirga riba, a shekarar ciniki da shekarar kasawa. Limamai da malaman zaure kuma su ɗauko babin hurumi da haya da ƙiradi su karantar da shi da misalan Penjari da Ganbiye, domin ɗan kasuwa ya ji hukuncin tun kafin ya sayi mota. Wanda ya fitar da hakkin maƙwabcin daji ya ci halal ɗinsa da kwanciyar rai, wanda kuma ya riƙe shi ya sani bashi ne, za a tambaye shi.